Kada a karɓi cibiyar adana bayanai sai an ɗauke mata wuta an gani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana a kan wani ɓangare na aikin gini da ba a cika ba shi muhimmanci a nan Kaduna ba, alhali shi ne ke durƙusar da manyan ayyuka bayan an yanke ƙyalle an watse. Muna nufin aikin injina a cibiyoyin adana bayanai da sauran wuraren da ba a yarda su tsaya ko na minti ɗaya ba, irin su ɗakin kwamfutocin banki, ɗakin tiyata, ma'ajiyar allurar rigakafi da tashoshin kamfanonin waya. Mu injiniyoyi ne masu wannan sana'a. Ganin yadda ma'aikatu da bankuna da manyan makarantu ke ta ware ɗakunan sabar, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai, ya sa muka ga shiru bai kamace mu ba, domin kuɗin jama'a ne, kuma albashin ma'aikaci da bayanan majinyaci ne ke cikin waɗannan na'urori.

A yawancin takardun kwangila, aikin sanyaya ɗaki layi ɗaya ne can ƙasa: a kawo esi kaza a ɗaura. Daga nan matsalar take farawa. Duk wutar da na'urar sabar ta sha, zafi take komawa. Ɗakin da na'urorinsa ke jan kilowat 300 yana fitar da zafin kilowat 300, dare da rana, damina da rani. Tan ɗaya na sanyi kilowat 3.5 ne, wato kusan ƙarfin esi mai doki ɗaya da rabi irin na ɗakin kwana. Ke nan wannan ɗaki yana buƙatar tan 85, tun kafin a ƙara zafin na'urar riƙe wuta ta UPS da fitilu da wanda ke ratsowa ta bango. Esin gida kuwa ba a ƙera shi don ya yi shekara yana aiki babu hutu ba, kuma wani kaso mai yawa na ƙarfinsa a tsotse laimar iska yake tafiya, abin da ɗakin kwamfuta ba ya buƙata sosai. Ƙungiyar injiniyoyin sanyi ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga gaban sabar ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. A gaban na'urar ake aunawa, ba a jikin bango kusa da ƙofa ba.

Wanda zai sayi babban injin sanyaya ruwa, wanda masu aiki ke kira cila, ya lura da kyau. Ƙarfin da aka rubuta a kundin kamfani an auna shi ne a iskar waje mai digiri 35. A Kaduna cikin Maris da Afrilu zafi kan doshi 40. A kan rufin kankare da tsakar rana, musamman in an jera injinan kusa da juna ko an kewaye su da katanga, iskar zafin da ɗaya ya fitar ita ɗayan ke shaƙa, sai ka auna ka ga 45. A wannan zafi injin ba zai ba da ƙarfin da aka saye shi a kai ba, wani ma ya kashe kansa saboda matsin gas ya yi yawa. Don haka a nemi takardar zaɓin inji daga kamfanin da ya ƙera, wadda ta nuna ƙarfinsa a digiri 45, a kuma bi tazarar da ya gindaya tsakanin inji da inji. Wannan ba matsalarmu mu kaɗai ba ce. A watan Yulin 2022, da zafi ya haura digiri 40 a Ingila, na'urorin sanyi na cibiyoyin Google da Oracle da ke Landan sun gaza, sai da aka kashe wasu sabobi.

Sai hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura kan toshe haƙarƙarin injinan da ke waje cikin 'yan makonni. Tun a zane ya kamata a sa famfon ruwa da magudana kusa da su don wanki, in ba haka ba babu mai hawa rufi da bokiti. Iskar da za a shigar ɗakin ta bi ta filta hawa biyu, mai kauri a gaba, mai laushi a baya, kuma matsin iskar cikin ɗakin ya ɗan fi na waje, yadda in an buɗe ƙofa iska fita za ta yi, ba shiga da ƙura ba. A ra'ayinmu, injin da ke sanyaya kansa da iska ya fi dacewa da yawancin ayyukanmu a kan mai hasumiyar ruwa, wato wanda ke fitar da zafinsa ta hanyar ruwa, duk da ya fi shan wuta, saboda hasumiya tana shan ruwa mai yawa kullum, kuma ranar da burtsatse ta ƙafe ko famfonta ya ƙone, sanyi ya tsaya.

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Injiniyan injina ya zauna tare da mai zanen gini da injiniyan lantarki tun ranar farko, ba sai an yi filasta a kira shi ba. Tambayoyin da zai yi masu sauƙi ne amma gyaransu daga baya tsada gare shi. Ta wace ƙofa injin mai nauyin tan huɗu zai shiga, kuma ta ina za a fitar da shi bayan shekara goma sha biyar? A ina kiren zai tsaya? Shin dekin zai ɗauki nauyin injin da ruwan cikinsa? Ina za a bar ramukan bututu kafin a zuba kankare? Fasa bim daga baya don a wuce da bututu raunana gini ne. Haka nan a haɗa zanen bututu da na kwararon iska da na tiren waya a wuri ɗaya a ga inda suka yi karo. In ba a yi ba, wanda ya fara zuwa shi ke kame hanya, yawanci mai lantarki, sai mai bututu ya dinga lanƙwasa yana ƙara gwiwa, kowace gwiwa kuwa tana rage ƙarfin famfo. Kada bututun ruwa ya bi ta saman kejin sabar ko allon lantarki. Inda babu makawa, a sa tire a ƙarƙashinsa da wayar da ke jin yoyo.

Jadawalin aiki kuma daga ƙarshe ake lissafo shi. Cila da janareta da manyan famfuna ba a kan kanta ake samunsu ba, sai an yi oda ake ƙera su, kuma a ƙaddara wata shida ko fiye. A ƙara lokacin buɗe Fom M, wato takardar shigo da kaya daga waje, da takardar ingancin kaya ta SONCAP, da zaman jirgi a Apapa, da tafiyar tirela zuwa Arewa. Tashar kayan jiragen ruwa ta tsandauri da aka buɗe a Kakuri a 2018 tana iya rage wahalar fito da kaya, amma sai an tsara haka tun wajen cike takardun jigila. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a yi oda kafin kwansaltan ya sa hannu a takardun bayanin injin, sai kaya ya iso a ga bakin bututunsa yana hagu alhali an gina dandamali na dama. Wani kuskuren kishiyar wannan ne: kaya ya iso da wuri ya yi damina guda a fili, ruwa ya shiga allon sarrafawa, ɓera ya ci waya, garanti kuma yana ta ƙarewa. Ranar da kaya ya sauka a buɗe a duba lambarsa, a auna ko gas ɗin da aka cika masa yana nan, a ɗauki hoto, a toshe bakunan bututu, a ɗora shi a kan katako a rufe.

Akwai maganar inji na ko-ta-kwana, wadda ake yi wa gurguwar fahimta. In ɗaki yana buƙatar cila biyu, sai a sa uku, a ce an gama. Amma in ukun nan duk a kan bututu ɗaya suke, babu bawul a tsakaninsu, ko kuma allon lantarki ɗaya ke ba su wuta, to ranar da za a canza roba guda a mahaɗa sai an kashe komai. Cibiyar Uptime, mai ba cibiyoyin adana bayanai shaidar daraja daga mataki na ɗaya zuwa na huɗu, sharaɗinta a mataki na uku shi ne a iya cire kowane inji ko kowane yankin bututu a gyara ba tare da an kashe sabar ba. A na huɗu kuwa, ko abu ya lalace da kansa ba zato, aiki ya ci gaba. Hanyar gane gaskiya ita ce a ɗauki zanen, a ɗora yatsa a kan kowane bawul da kowane famfo, a tambaya: in na rufe wannan, me zai mutu? Kuma a sani shaidar da ake bayarwa a kan zane dabam take da wadda ake bayarwa bayan an zo an gwada ginin.

A wajen haɗa bututu ne aka fi yin ɓarnar da ba ta bayyana sai an biya kuɗi. Mai walda ya yi gwaji a gaban mai duba aiki kafin ya taɓa bututun aikin. In an gama wani sashe, a cika shi da ruwa a matsa shi ninki ɗaya da rabi na matsin da zai yi aiki da shi. Bututun da zai yi aiki a matsin bar 6 a kai shi bar 9, a bar shi aƙalla awa biyu ana duban agogon matsi, a rubuta, a sa hannu. Duk wannan kafin a naɗe bututun da soson hana zafi shiga, domin in an naɗe babu mai ganin inda yake tsiyaya. Daga nan sai wanke ciki. Dole a yi wa cila da na'urorin cikin ɗaki hanyar kewaye, a rufe bawulolinsu, a zagaya da ruwa da ƙarfi har sai rariyar tace datti ta daina kama komai. In aka tsallake wannan, tartsatsin walda da tsatsa da yashi, wani lokaci har da tsumma, cikin injin suke maƙalewa. Ruwan da za a cika na ƙarshe a kai shi ɗakin gwaji, a zuba masa maganin hana tsatsa. Ruwan burtsatse kai tsaye yana cin bututu ta ciki.

Bututun jan ƙarfe na gas shi ma da nasa ƙa'idar. Yayin da ake liƙa shi da wuta, a bar iskar nayitrojin tana ratsawa ta ciki a hankali. In babu ita, baƙin ɓawo ne ke fitowa a cikin bututun, ya bi mai ya toshe bawul, bayan watanni kwamfuresa ta ƙone a ɗora laifin a kan wutar NEPA. A gwada shi da matsin nayitrojin na awa 24, sannan a zuƙe iskar ciki har ma'aunin ragowar iska ya sauka ƙasa da maikiron 500 ya tsaya. Sakin gas kaɗan don ya kori iska ba aiki ba ne. Soson da ake naɗe bututun ruwan sanyi kuma a manne kowace mahaɗa, har da bawul da wurin rataya. Ruwa mai digiri 7 a cikin laimar watan Agusta, duk inda iska ta sami kafa sai bututu ya yi gumi yana ɗiga. Bututun zubar da wannan ruwa a ba shi gangare, aƙalla santimita ɗaya a kowace mita.

Yanzu ga abin da muka fi so masu ba da kwangila su riƙe. Idan aka ɗauke wuta, batirin UPS yana riƙe sabar, saboda haka zafi bai tsaya ba. Janareta zai tashi cikin daƙiƙa 10 zuwa 15. Amma cila ba ta dawowa nan take, tana da agogon kariya da ke hana kwamfuresa tashi, kuma kafin ta koma cikakken ƙarfi an ci mintuna. A cikin waɗannan mintuna ɗaki mai cunkoson na'urori yana iya wuce iyakar zafinsa. Maganin shi ne tankin ajiyar ruwan sanyi a kan layin, tare da ɗora famfunan ruwa da fankokin cikin ɗaki da ƙwaƙwalwar sarrafawa a kan UPS. Lissafinsa ba wuya. Ɗakin kilowat 300, in bambancin ruwan shiga da na fita digiri 5 ne, yana buƙatar kusan lita 14 a daƙiƙa. Riƙe shi minti biyar na nufin tanki mai lita 4,300. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa sau ɗaya a shekara ana iya yin sakaci da wannan. A wurinmu, inda canjoba mai sauya wuta tsakanin ta gari da janareta ke aiki sau da yawa a rana, tankin nan wajibi ne, amma shi ake fara gogewa in an zo rage kuɗi.

Janareta a wurinmu shi ne uwar wuta, ta gari taimako ce. A sayi wanda aka ƙera don aiki na dindindin, ba na jiran ko-ta-kwana ba. Mai ɗauke da lodin kilowat 500 yana shan lita 130 zuwa 150 na dizal a awa. Uptime awa 12 ta gindaya a matsayin mafi ƙarancin man da za a ajiye, amma duk wanda ya san yadda tankar mai ke makara a hanya zai nemi na kwana uku, wato wajen lita 10,000. Man da ya daɗe a tanki yana tara ruwa da dauɗa a ƙasa, don haka a sa famfon da ke zagayawa da shi ta cikin filta, a kewaye tankin da katangar tare malala. Ɗakin janareta ya sami ƙofar shigar iska wadda ta fi ta fita girma, kuma hayaƙinsa kada ya fuskanci inda cila ke shaƙa. Sayen wanda ya fi ƙarfin aiki nesa ba kusa ba shi ma illa ne: injin dizal da ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba ya ƙone mai da kyau, sai ya fara zubar da baƙin mai ta salansa.

Gas ɗin kashe gobara, ko FM-200 ne ko waninsa, sai ya zauna a ɗakin minti goma kafin ya yi amfani. Kowane ramin da mai bututu ko mai waya ya huda ya bari a buɗe, ta nan zai tsere. A toshe su da abin da ba ya cin wuta, a gwada ɗakin da fankar ƙofa a ga ko iska na tserewa, a tabbata murafun kwararon iska suna rufe kansu in ƙararrawa ta kaɗa.

Gwajin karɓar aiki hawa biyar ne a wannan sana'a, kuma a rubuta shi cikin kwangila tun farko. Ana gwada injin a masana'anta a gaban wakilin mai aiki, a duba shi in ya iso an girka, kamfanin da ya ƙera ya tayar da shi, sannan a gwada kowane tsari shi kaɗai, a daidaita ruwan da ke zuwa kowace na'ura da ma'auni, ba da taɓa bututu da hannu ba. Na biyar shi ne wanda ake gudu. A kawo na'urorin dumama masu ƙarfin lodin da aka tsara, a jera su a inda sabar za ta zauna, a kunna, a bar ɗakin ya daidaita, sannan a je a kashe babban makunnin wutar gari ba tare da kowa ya taɓa komai ba. A riƙe agogo. A rubuta daƙiƙar da janareta ya ɗauka, da mintin da cila ta dawo, da iyakar inda zafi ya kai. A maimaita da kashe cila ɗaya, da famfo ɗaya, da janareta ɗaya. A nan ake gano bawul ɗin da aka ɗaura a juye, da ma'aunin zafin da aka haɗa da wata na'ura dabam, da famfon man da aka manta ba a sa shi a layin janareta ba. A ware wa wannan aiki mako uku zuwa huɗu, kuma kada ranar bikin buɗewa ta cinye su. In an yi gwajin cikin damina ko sanyin hunturu, a sa sharaɗin maimaita shi a watan Afrilu.

Saboda haka muke kira ga hukumar kula da ba da kwangila ta Jihar Kaduna da bankuna da shugabannin asibitoci su sake duba yadda ake biyan kuɗi. In ɗan kwangila ya karɓi kusan dukan kuɗinsa ranar da kaya ya sauka daga tirela, babu abin da zai riƙe shi ya tsaya wanke bututu. Kashi 5 cikin 100 da aka saba riƙewa bai isa ba. Muna ba da shawara a ɗaure kashi 20 da cin gwaji na biyar da miƙa takardu. Mai jagorantar gwajin ya zama mai zaman kansa, mai aiki ne zai ɗauke shi ya biya shi, ba ɗan kwangila ba. Kuma a duba rajistar hukumar injiniyoyi ta ƙasa, COREN, ta injiniyan da zai zauna a wurin aikin, ba ta wanda aka ari takardarsa aka liƙa a fayil ba.

Inda za a yi ƙari ko gyara a wurin da ke aiki, irin asibiti mai majinyata a ciki, ƙa'ida ta fi tsanani. Kowane aiki a rubuta shi mataki-mataki, da lambar bawul ɗin da za a rufe, da wanda zai rufe, da yadda za a koma baya in abu ya ɓaci. A sa kwaɗo da alama a kan makunni. Ba a yanka ko walda a cikin ɗakin sabar, a yi a waje a shigo da shi. Inda ya zama dole, a kewaye wurin da labule, a sanar da mai kula da ƙararrawar gobara, a ajiye mutum da tukunyar kashe wuta har awa ɗaya bayan an gama.

Ranar miƙa makulli a karɓi zanen yadda aka gina a zahiri, da jadawalin bawuloli mai lamba a jikin kowanne, da sakamakon duk gwaje-gwaje, da kalmomin sirri na na'urar sarrafawa, da kayan gyara na shekara biyu: filta, bel, robar famfo, ma'aunai. Ma'aikatan da za su riƙe wurin su kasance a tsaye lokacin gwaji, su rufe bawul da hannunsu. Kwalejin Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna yaye matasa masu ilimin injina kowace shekara, kuma muna roƙon a sa sharaɗi a manyan kwangiloli cewa a ɗauki aƙalla biyu daga cikinsu tun ranar aza harsashi, su ga inda kowane bututu ya bi kafin a rufe silin.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu injiniyoyin injina,
Kaduna.